Gahawar Kurege a Bisa Faifai

An yi wani Kurege mai son a sani. Farkon labarin ya ɗan kuɓuce mini, tsufa ya zo, ban tuna ko da rani ne ko da kaka ba. Abin da na riƙe shi ne Raƙumi, wani dattijon farke mai kawaici, ya ba shi tsarabar soyayyiyar gahawa, ya ce in ya dawo daga gabas za su sha tare.

Kurege ya dake ta duka a turmi, ya baza garin a faifai, ya ajiye a ƙofar gida don duk mai wucewa ya ji ƙamshi. Kusa da wurin kuwa maƙwabciyarsa Bushiya, tsohuwa mai faɗin gaskiya, take shanya daddawarta.

"Kai ɗan nan, zuba ta a gwangwani ka toshe, ka kai ɗaka inda ba rana," in ji Bushiya. "Wa ya ce ka dake ta duka?"

"Gwaggo, in na rufe wa zai san ina da ita?"

"To ɗanɗana mana."

"Shaƙa dai, Gwaggo! Shaƙa kyauta ce. Me mai daddawa ta sani game da abin shan manya?"

Bushiya ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da juya daddawarta.

Kullum faifai na waje, rana ta doke shi, iska ta bi ta kansa. Da Raƙumi ya dawo, Kurege ya gayyato unguwa kaf, ya dafa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Raƙumi ya kurɓa. Ya sake kurɓa, ya haɗiye da ƙyar.

"Baba, yaya ka ji?"

"Da zafinta, madalla," in ji Raƙumi, idonsa a ƙasa.

Wani daga baya ya ɗanɗana ya ce, "Wannan ai tuwo kawai take jira!" Aka kwashe da dariya.

Kurege ya kai ta bakinsa. Ba ƙamshi ko kaɗan, sai ɗaci da warin daddawa. Dariyar ba ta dame shi ba kamar yadda ya ga Raƙumi ya daure ya shanye sauran, har ya yi godiya. Ya sunkuyar da kai, wutsiyarsa ta kwanta a ƙasa, ya kasa ko raka baƙonsa bakin hanya.

Darasin wannan labari shi ne, yarana, abin kirki da aka ba ku ku adana shi, kada ku baje shi don a yaba muku. Daga baya na tambayi wani mai sayar da gahawa a kasuwa, ya tabbatar mini cewa dakakkiyar gahawa in an bar ta a buɗe ƙamshinta tafiya yake, kuma takan ɗauki warin duk abin da ke kusa da ita.