Agogon Ammi Othman

Akwai wani matashi a Jidda, wajejen 1974, sunansa Abdulghaffar, jikan mahajjatan da suka zauna a unguwar Ammariyya. Kansa yana ja, ba ƙarya. Matsalar dai ya san yana ja.

A wata kwaleji yake aiki, inda aka girka na'ura a kan rufi tana kama ƙwayoyin zarra masu zubowa daga sararin sama. Shi ya rubuta manhajar da ke karɓar sakamakon na'urar ta adana kowanne da lokacinsa. In aikin ya yi kyau, za a tura shi karatun digiri na uku a waje. Babu abin da yake so a duniya kamar wannan tafiya.

Kwamfutar ba ta riƙe lokaci in an kashe ta, sai kullum da safe a buga mata shi da hannu. Aka ɗora wannan a kan Othman, dattijon da ke kula da injinan, wanda ake kira Ammi, wato baffa.

Ranar farko Othman ya leƙo. "Ya waladi, ɗana, lokacin nan da zan buga, wanne..."

"Ammi, dubi agogonka ka buga, halas! Wannan ma sai an yi taro?"

Othman ya haɗiye sauran maganarsa ya fita.

Watanni suka wuce. Abdulghaffar ya lura da wani abin mamaki: sa'ar da ƙwayoyin suka fi zubowa tana gusawa kaɗan-kaɗan, daga lokacin sanyi zuwa lokacin zafi. Bai taɓa karanta irin haka a wani littafi ba. Ya cika unguwa da cewa ya yi binciken da zai girgiza duniya, har mahaifiyarsa Mastura ta raba wa maƙwabta alawa.

Aka turo Dakta Mahmud, wanda sa hannunsa ne zai ba da tafiyar. Da hantsi ya zauna yana juya takardu.

"Gusawar nan tana bin faɗuwar rana sak," in ji Dakta. "Wa ke buga lokaci?"

Aka kira Othman.

"Ya hajj, ƙarfe nawa yanzu?" in ji Dakta.

Othman ya dubi hannunsa. "Biyar saura kaɗan."

Agogon bango yana nuna sha ɗaya.

Abdulghaffar ya dubi agogon bango, ya dubi na Othman. Ai ya san abin, a gidansu ma haka kakansa yake yi: agogon Larabawa na da, wanda ake mayarwa sha biyu daidai duk lokacin da aka kira magariba. Dattawan Balad, tsohon garin Jidda, da shi suke sallah. Ashe ba ƙwayoyin ke gusawa ba, magariba ce.

"Me ya sa ba ka tambaya ba?" Abdulghaffar ya daka masa tsawa.

Othman ya dube shi, ba fushi a fuskarsa sai tausayi. "Na tambaya, ya waladi. Ba ka bari na ƙarasa ba."

Dakta Mahmud ya rufe alƙalaminsa ya sa a aljihu. Wani aka tura karatun a shekarar.

Darasi: Duk iliminka, bari mutum ya ƙarasa tambayarsa. Wadda ka raina ka katse, wataƙila ita ce za ta cece ka. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya bari a kai ƙarshen magana.