Kofi ko Matar Gola

Akwai wani mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon unguwa, kowa Gola yake ce masa, har matarsa. Ita tela ce. Ranar wasa takan ɗauko ɗinkin hannu ta zauna a bakin fili, ta yi kamar ba shi take kallo ba. Shi kuwa duk ƙwallon da ya cafe, sai ya waiga wajenta kafin ya buga.

Ana gobe wasan ƙarshe na cin kofi ta haihu. Jaririya ta zo lafiya, amma uwar ta zubar da jini sosai. Likita ya fito ya ce an tsayar da zubar, sai dai abin da ya rage a jikinta ba zai kai ta gobe ba. Dole a ƙara mata.

Gola ya ruga ɗakin ajiyar jini. Nas ɗin da ke wurin ba ta yi dogon bayani ba, firji kawai ta buɗe masa. Wayam, ko leda ɗaya babu.

"Mun kira sauran asibitoci, kowa kuka yake," ta ce. "Mutane sun daina zuwa bayarwa."

Ya naɗe hannun riga. Aka gwada, nasa bai zo ɗaya da nata ba.

"Ki sake gwadawa, don Allah," ya ce. "Matata ce fa."

Baranda kuwa cike take da dangi, an jibge katan-katan na madara da lemo wai su ne za su ƙara mata jini. Kawunta ya ce shi nasa ma bai ishe shi ba. Yayanta, ƙato da shi, ya ɗaga waya ya ce ai ya tura saƙon neman jini a guruf ɗin waya, mutane suna ta addu'a. Addu'a alheri ce, babu mai musu. Amma ku gaya mini, mutum yana tsaye da lafiyarsa, ƙanwarsa tana dusashewa a kan gado, iyakar abin da zai iya motsawa shi ne babban yatsa?

Gola bai tsaya gardama ba. Ya hau babur sai filin atisaye.

La'asar ce, samari suna ta zagaye fili, gumi yana zuba. Koci yana tsakiya da usur a wuya. Mutum ne da ya daɗe yana mafarkin kofin nan, har ɗinki ya yi na ranar ɗaukarsa.

"Angon ƙarni! Allah ya raya," ya ce. "Ina safar hannunka?"

"Koci, jini ake nema. Asibiti babu. Ka ba ni yaran nan a gwada su."

Murmushin Koci ya ɗauke. "Jini? Yau? Ka san abin da ke gabanmu gobe kuwa? In ba ka yarana a zuƙe su, su zo mini fili suna layi?"

"Likita ya ce ba za ta kai gobe ba."

"Likita ne Allah? Ka yi haƙuri zuwa jibi, ni da kaina zan kwashe su in kai."

Jibi fa ya ce, jama'a. Rai yana rawa, shi kuma yana lissafin gwangwani mai sheƙi.

Zuwa lokacin yaran sun daina gudu, sun zagaye su. Koci ya lura, sai ya ɗaga murya. "Duk wanda ya bar filin nan, ya ajiye mini rigata, kuma kada ya dawo!"

Sai Dogo, mai tsaron bayansu, ya tuɓe rigar, ya juya ta yana kallon lambar da ke bayanta.

"Rigar taka ce, Koci," ya ce. "Amma lambar nan Anti matar Gola ce ta ɗinka, da cikinta ya tsufa ma."

Ya ninke ta, ya ajiye a kan ciyawa. Wani ya bi, wani ma ya bi. Guntu, ɗan wasan gabansu, shi ne ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ni fa allura ce ba na so."

"Wuce mu je," in ji Dogo. "Kullum kana birgima a fili kana kukan ƙarya, yau ka yi na gaske."

Haka suka shiga asibiti, daga su sai singileti da gajeren wando da takalmin ƙwallo, suna ƙwas-ƙwas a kan tayil. Nas ta dube su ta ce, "Ku ji tun yanzu. Jinin zai dawo, ba abin da zai same ku. Amma duk wanda ya bayar yau, ba gudu gobe, sai ya huta."

Kowa ya gane ma'anar wannan. Dogo ya miƙa hannu. "Mun ji, Sista. Fara da ni."

Na mutum biyu ne ya dace da nata, ɗaya kuwa Guntu ne. Ya kwanta ya runtse ido yana kiran sunan babarsa, ana ta yi masa dariya. Sauran suka ce tunda sun zo, a ɗiba a ajiye wa wasu. Har yayan nan mai waya, da kunya ta ishe shi, ya saɗaɗa ya shiga layi.

Washegari Koci ya je fili cikin sabon ɗinkinsa. Ya kira wannan, ya kira wancan, babu mai zuwa. Alƙalin wasa ya jira har ya gaji, ya ba abokan karawarsu kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Koci ya kwashe rigunansa a buhu, ya fita shi kaɗai ana nuna shi da baki.

A daidai lokacin matar Gola ta buɗe ido sosai. Leɓenta da ya yi fari ya fara dawowa. Ta ga mijinta a gefen gado, jaririya a ƙirjinsa.

"Gola," ta ce a hankali, "me kake yi a nan? Wa ka bar wa raga?"

Sai ga Guntu ya leƙo ta taga, auduga har yanzu manne a hannunsa don kowa ya gani.

"Anti, kofi dai ya tafi. Amma ki sani jinin ɗan gaba ne a jikinki. In kin ji ƙafarki tana ƙaiƙayi, kada ki tsorata."

Ta yi dariya, hawaye yana gangarowa. Gola ya kama hannunta. Jiya sanyi ƙalau yake, yau kuwa da ɗuminsa.

Darasi: Ba a saro jini a kasuwa, a jikina da naka yake, kuma wanda ke kwance ba ya iya jiran jibi. Idan kana da lafiya, kada ka bari sai naka ya faɗi. Je asibiti mafi kusa, a gwada ka, ka bayar. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, amma don Allah kada aikinku ya tsaya a turawar.