Wasan Direba da Mai Jar Tuta

An yi wani mutum, direban gingimari, mai dakon hatsi daga Tsafe zuwa Gusau. Ba mashayi ba ne, ba a taɓa kama shi da sata ba, ko sallah ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne da shi, yana jin daɗin ya ga mutum ya firgita.

A shekarar ana gyaran hanya a gangaren Kwatarkwashi. An jera ganguna an rufe rabin titi, leburori suna zuba kwalta cikin rana. A bakin aikin aka tsayar da wani dattijo, Manu, da jar tuta a hannu, aikinsa ya sa motoci su rage gudu.

Duk lokacin da mutumin nan ya hango tutar, sai ya ƙi rage gudu. Ya taho gadan-gadan yana danna hon, har sai leburori sun zubar da shebur sun faɗa kwalbati, sannan ya taka birki a gaban Manu yana ƙyalƙyala dariya. Hannunsa ya faɗa, ya san inda motarsa ke tsayawa.

Rannan Manu ya matso jikin taga, yana karkaɗe ƙura daga hularsa, ya ce, "Malam direba, wasan ga naka ba shi da kyau. Mu ma akwai masu jiran mu gida."

Ya ce, "Haba Baba, ai motsa maka jini nake yi."

Ya 'yan uwa, yau da gobe ba ta bar komai ba. A hankali leburorin suka gane motarsa, suka gane hon ɗinsa. Idan ya taho sai su ce wancan mai wasan ne, ko kai ba sa ɗagawa. Shi da kansa ya koya musu kada su gudu.

Wata Laraba da hantsi ya sauko gangaren da lodin masara. Ya taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa, mota ba ta ji ba. Ya sake takawa, babu. Ya danna hon iya ƙarfinsa, ya leƙo da kai yana ihu su kauce. Wa zai kauce? Manu ya ɗaga tutarsa kamar kullum, yana girgiza kai, har da ɗan murmushi.

Gawar mutum uku aka ɗauka a wurin. Manu ne na farko.

Direban ya sauko ko ƙwarzane babu. Bai yi kuka ba, bai yi salati ba. Ya zauna a kan gangar da ta faɗi yana kallon masara warwatse cikin kwalta. Aka tambaye shi sunansa, ya kasa faɗa.

An ɗaure shi, ya gama wa'adinsa ya fito. Mai motar ya riga ya ɗauki wani direban, matarsa ta koma gidan iyayenta a Magami. Iyalin Manu suka aiko masa cewa sun yafe, ya ce to. Har yau yana nan a tashar manyan motoci ta Gusau. In an miƙa masa abinci ya ci, in an manta da shi ba ya tambaya. Za a danna hon a bayan kunnensa, ko gezau.

Zai iya cewa birki ne ya tsinke, kuma gaskiya ne. Amma birkin wa bai taɓa tsinkewa ba? Da wani direban ne ya yi wannan ihun, da kowa ya tsere. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa, ko da wasa ne.

Kai da ke riƙe da sitiyari, in ka hango ganguna da tuta, rage gudu tun daga nesa. Mutumin da ke tsaye a wurin ba shi da ƙarfen da zai kare shi, da kai ya dogara. Ka bar hon ɗinka ya zama abin da in an ji za a gaskata.

Allah ya jiƙan Manu da abokan aikinsa. Allah ya kiyaye mu da wasan da ba ya gyaruwa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.