Ƙofar Da Gagara-Ɓarawo Ya Ƙera

An yi wani mutum mai walda, ƙofofin ƙarfe da tagogi yake yi. Ya 'yan uwa, ba zan tauye masa haƙƙi ba, ya iya aikinsa. In ya yi maka ƙofa, kai da ɓarawo sai dai ku gaisa a hanya. Har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, kowa Gagara-Ɓarawo yake ce masa, shi kuwa yana hura hanci kamar sarauta aka naɗa masa.

Gidansa ya mayar tallar sana'arsa. Ƙofar falo ƙarfe ce mai kauri, ninki biyu, da wani ƙaton kwaɗo da ake saƙalawa ta waje. Kwaɗon ma ya yi masa rumfar ƙarfe yadda guduma ba za ta same shi ba. Tagogi kuwa ya gitta musu rodi, ya matse su tsam. In baƙo ya zo sai ya ja shi bakin taga ya ce, "Duba nan. Ko kyanwa ba ta wucewa."

Allah ya ba mutumin nan 'ya'ya biyu. Babbar mace ce, shekararta shida, a gida Yaya ake ce mata. Ƙaramin bai cika uku ba, shi ne Auta. Uwarsu ma'aikaciyar jinya ce, kuma ranar da aikinta ya faɗo a ranar hutunsa, yaran suna hannunsa daga hantsi har ta dawo.

To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa, a gidan da aka ce ba a shiga.

Da farko shagon bakin layi ne. Ya kulle su ya je ya dawo, bai tarar da komai ba. Sai wajen aski. Sai majalisar abokai. Kullum maganar ɗaya ce: "Yaya, ke ce babba, ki kula da Auta. Yanzu zan dawo." Ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo ta waje, ya jefa makulli a aljihu. Duk ranar da ya dawo ya same su lafiya sai ya ɗauka dabararsa ce ta yi. Bai san jinkiri ake yi masa ba.

Matarsa ta gane, don yaro ba ya riƙe magana. Ta ce masa, "Baban Yaya, don girman Allah in za ka fita ka miƙa su wajen Gwaggo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Ya ce, "Ke ba ki san aikina ba ne. Wa zai iya shiga gidan nan?"

Ta ce, "Ni ba shiga nake tsoro ba. Fita nake tsoro."

Ya yi mata alkawari ya daina. Bai daina ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne alawa. Yana dawowa sai ya danƙa wa yarinyar a hannu ya ce, "Kar ki gaya wa Mama." Kun ji uba? Amanar da aka ba shi ya ɗora wa 'yar shekara shida, sannan ya sayi bakinta da alawa, ya koya mata ɓoye wa uwarta gaskiya. Wannan shi ake kira maigida?

Gwaggon nan dattijuwa ce, maƙwabciyarsu, ba ta zuwa ko'ina, kullum tana tsakar gidanta da saƙarta. Tana jin kukan Auta ta taga. Wata rana ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Ɗana, ba a kulle mai rai ta waje. Kawo min su, ni ba abin da nake yi."

Ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Gwaggo, kowa ya ji da gidansa."

Girman kai ne, ba wani abu ba. A ganinsa in ya kai yaran maƙwabta, ya yarda ke nan ƙofarsa ba ta isa ba.

Rannan da rana ana buga wata ƙwallo da ya daɗe yana jira. Ya shimfiɗa bargo a kan katifa a uwar ɗaka, ya jona dutsen guga, yana goge rigar da zai sa. Yana cikin guga aka ɗauke wuta. Ya yi tsaki, ya ajiye dutsen a kife a kan bargon, ya zura rigar haka nan. Bai zare waya ba, bai kashe soket ba. Hankalinsa ya riga shi zuwa gidan kallo.

Auta ya riƙe masa wando yana kuka zai bi shi. Ya ɓamɓare 'yan yatsun yaron, ya ce, "Yaya, ɗauke shi. Ke ce babba. Yanzu zan dawo." Ya datse kwaɗo ya tafi.

A gidan kallo janareto ake ta fama da shi, yana yi yana tsayawa. Can sai aka dawo da wuta. Ɗaki ya kaure da tafi, shi ma ya tafa, har da miƙewa tsaye. Ya 'yan uwa, wutar da ya tafa wa ita ce a daidai lokacin take shiga dutsen gugar da ya bari a kan bargo.

Gwaggo ce ta fara jin ƙauri. Ta fito ta ga hayaƙi yana fita ta tagar ɗakin, ta ji muryar Yaya tana kiran Baba. Ta ɗaga murya, unguwa ta taru. Ta kira wayar uban. Ya ciro, ya ga sunanta, ya ce a ransa tsohuwar nan ta fara, ya mayar aljihu. Ta sake kira. Ya danne wayar ta yi shiru, don an kusa cin ƙwallo.

Maza suka hau ƙofa da guduma. Ƙofa ko gezau. Suka nemi kwaɗo, kwaɗo yana cikin rumfarsa. Suka sa ƙarfe a rodin taga suna banƙara, rodi ya ƙi. Wani ya sheƙa ya ɗauko injin yankan ƙarfe, amma an riga an katse wutar layin don kar gobara ta bi waya, inji ya zama kayan banza a hannunsa. Mata suna ta watsa ruwa ta tsakanin rodi, rabi yana shiga rabi yana dawowa kansu.

Ya yi aikin da kyau, ai na gaya muku. Ba ɓarawo kaɗai ƙofar ta gagara ba.

Gwaggo ta zura hannu ta taga ta riƙe na yarinyar, ta miƙa mata jiƙaƙƙen ɗankwali ta ce ta toshe hanci. Yarinya tana tari tana cewa, "Gwaggo, ban ga Auta ba. Sake ni in nemo shi." Gwaggo ta ƙi saki. Da ta saki, da gawa biyu za a ɗauka.

Sai da aka kawo diga aka fasa bango ta gefe, bulo bayan bulo, sannan aka jawo Yaya, hannunta ɗaya ya ƙone. Auta kuwa ba a gan shi ba, hayaƙi ya hana.

A lokacin ne wani mai babur ya je ya fizgo uban daga gidan kallo. Ya iso da makulli a aljihu. Kwaɗo ya yi zafi, ya naɗe hannu da rigar da ya goge, ya zura makulli ya murɗa. Nan take ƙofa ta buɗe, ba gardama. A bayanta aka samu Auta, a daidai inda ya saba zama yana jiran ƙarar makullin babansa. Wuta ba ta taɓa shi ba. Hayaƙi ne ya kashe shi.

Matarsa tana wajen aiki tana duba 'ya'yan mutane aka shigo mata da tata. Ba ta yi masa ihu ba, ba ta zage shi ba. Da aka sallami yarinyar ta ɗauke ta suka koma gidan iyayenta, ba ta sake taka gidan nan ba. Hukuma ta riƙe shi, ta yi abin da za ta yi, ta sake shi. Ya koma shago, ba mai kawo aiki. Waɗanda ya yi wa tagogi a da, sai suka riƙa kiran wasu masu walda su yanka musu mafita. Sunan da yake taƙama da shi ba wanda ya ƙara kiransa da shi, ko da wasa.

Amma duk wannan ba shi ya karya shi ba. Abin da ya karya shi a asibiti ya faru. Ya shiga ya tsaya daga bakin gado, ya kasa ɗaga ido. Yarinyar ta ɗago hannunta mai bandeji ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka ce in kula da Auta, ban kula da shi ba. Amma ban gaya wa Mama ka fita ba."

'Yar shekara shida ce take ba shi haƙuri. Shi ya kunna dutse, shi ya datse kwaɗo, shi ya ƙi ɗaga waya, amma ita ce take ɗauke da laifin a ƙirjinta, kuma wataƙila haka za ta girma da shi.

Raina yana ɓaci in na tuna, kuma ya fi ɓaci don na san a cikinmu akwai masu yin irin wannan. Wani ma yanzu haka makullin yana aljihunsa. Kar ku ce min ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ita ta ce ka kulle yaro ka tafi kallon ƙwallo ba. Kar ku ce min ba daɗewa za a yi ba. Ita wuta jiranka take yi?

Ana tambayata, Malam, yaro shekara nawa zai kai a bar shi shi kaɗai? Ni ba shekara nake fara tambaya ba. Zai iya buɗe ƙofar da hannunsa ya fita? Ya san gidan da zai ruga? In ya ga hayaƙi waje zai nufa, ko ƙarƙashin gado? Akwai babba a kusa da ya san ka fita, kuma in an kira ka za ka ɗaga? In ɗaya daga ciki babu, yaronka bai kai ba, ko da ya iya karatu kamar ruwa. Wanda kuma ya kai ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, ba lalle ne ya kai ya riƙe ƙanensa ba. Kalmar nan ta "ke ce babba" ba ta ƙara wa yarinya ko wata ɗaya.

Ƙanana kuwa ba a barinsu. Ka tafi da su, ko ka miƙa wa maƙwabci, ko ka haƙura ka zauna. In kunyar maƙwabci kake ji, ka haɗiye ta. In faɗa kuka yi, ka je ka ba da haƙuri, ya fi maka sauƙi a kan ka karɓi gaisuwar mutuwar ɗanka daga bakinsa. Kuma ko me zai faru, kar ka datse kwaɗo ta waje alhali da rai a ciki. Kaya ake kullewa.

'Ya'yan nan ba mallakarmu ba ne, ajiya ce, kuma Mai ajiyar zai tambaya. Ranar nan ba za a tambaye ka kaurin ƙofarka ba. Za a ce ina kake, kuma me ya fitar da kai.

Ya Allah, kar ka jarrabe mu da sakacin hannunmu. Kar ka sa mu zama sanadin kukan 'ya'yanmu. Ka ba mu kunnen jin nasiha tun tana da amfani, ka ji ƙan Auta, ka sanyaya zuciyar uwarsa da yayarsa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye abin da ya ba mu ajiya. Amin.