Cindo Mai Takalmi da Miyar Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani babban birni, tun zamanin da in baƙo ya sauka a tasha ba shi da jagora sai bakin mutane. Ku matso, jama'a, ku saurara. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Takalma yake ɗinkawa a gindin wani durumi, daidai ƙofar tashar mota. Sunansa Cindo.

Birnin nan masu abinci sun fi ƙarfin ƙirga. Kowace kwana da rumfa, kowace rumfa da ƙanshinta. Amma ku da kuka taɓa tafiya kun sani, akwai miyar da za ta kira ka tun daga titi, ka zauna ka ci, ka yini kana sintirin bayan gida. Kuna dariya, na ga wasu sun tuna.

To, Cindo ya san rumfunan nan kaf. Ba yawon ci yake ba, ina ya ga hali? Sana'arsa ce ta koya masa. Mutumin da ya cire takalmi ya miƙa maka, ina za shi? Dole ya zauna a benci ya yi hira. Cindo na jan zare yana tambaya: "Ina ka ci jiya? Yaya cikin ya kwana?" Shekara talatin yana wannan tambaya. Ranar Juma'a kuma, in an sauko daga masallaci, sai ya zaga ta bayan rumfuna. Ta baya na ce, ba ta gaba ba. Ya duba ruwan da ake wanke kwanoni, ya ga ko mai abincin tana ɗiba daga tukunyar da take sayarwa ta ci.

Shi ya sa duk baƙon da ya sauka da yunwa, sai direbobi su ce masa, "Je ka tambayi mai takalmi." Shi kuwa ba ya nuna wuri sai ya yi tambayoyinsa: "Kai mutumin ina ne? Cikinka lafiya? Haƙora fa, suna nan?" Sannan ya ce, "Waina kake so? Bi ta bayan marina, amma ka isa kafin hantsi, bayan nan man ya gaji." Ko ya ce, "Balangu sai bayan la'asar, wajen dogon nan na bakin gada. Na kusa da shi kada ka tsaya, naman jiya yake ɗumamawa." Masu abinci sun sha aiko masa da kwano a rufe don ya riƙa ambaton su. Sai ya yi godiya ya mayar, ya ce in ya ci, gobe ba zai iya faɗa wa baƙo gaskiya ba.

Ana nan, sai matarsa Tabawa, da girma ya fara kama ta, 'ya'ya duk sun yi aure, ta ce ita ma za ta gwada. Ta sayar da awakinta biyu, iyakar abin da ta mallaka ke nan, ta sayi tukwane, ta kafa rumfa a tsallaken titi, tana hango bencin mijinta. Tabawa ta iya girki, wannan ba gardama. Sai dai hannunta da yaji, Allah ya kiyaye! Tun ranar da ta buɗe, Lantana mai tuwon shinkafa, wadda ta daɗe tana sana'ar a layin, ta ce a gaban mutane, "An zo sayar mana da wuta a kwano." Maganar ta shiga gari. Mako uku, Tabawa na dafawa, tana komawa da rabi gida.

Sai jarrabawa ta zo. Ku saurara da kyau.

Wata rana da azahar, ga motoci uku na fataken albasa, mutum talatin, karonsu na farko a birnin. Kuma fatake suna da al'ada: inda suka ci ranar farko suka ji daɗi, nan ne wurin cinsu har abin da hali ya yi. Madugunsu, Alhaji Barmo, igiyar takalminsa ta tsinke, ya zauna a bencin Cindo. Yana riƙe da hannun wani tsoho, mahaifinsa, Baba Nomau, da ya kawo ganin likita.

Ya ce, "Malam, an ce kai ake tambaya. Ina za mu ci? Amma ka duba tsohon nan. Wata guda cikinsa ba ya riƙe komai. Inda zai iya ci, nan duk za mu ci."

Cindo bai ɗaga kai ba, amma yana jin idon Tabawa a ƙeyarsa. Ta ga motocin, ta ga madugu a bencin mijinta, har ta gyara kallabi ta fara jera butocin wanke hannu. Zuciya ta ce masa, "Ai ba ƙarya za ka yi ba, matarka ta iya girki. Nuna da hannu kawai, awakin nan biyu sun dawo." Ya dubi tsoho. Baki ba haƙori. Ya san miyar da ke tsallaken titi, shi ya ga attaruhun da aka jajjaga da safe.

Ya ce, "Alhaji, ku miƙe layin nan har ƙarshe, ku tambayi Lantana. Tuwonta laushi gare shi, miyarta ba ta faɗa da ciki. Ku ce ta zuba wa Baba daga saman tukunya."

Jama'a, mutum talatin suka tashi, suka bi ta gaban rumfar Tabawa, ɗaya bayan ɗaya, suka wuce wajen matar da ta yi mata dariya. Tabawa ta bi su da kallo har na ƙarshe, ta buga ludayi a bakin tukunya, ƙarar har gindin durumi.

Da la'asar ta tsallako. Ta ce, "Malam, ni kam me na yi maka?"

Ya ce, "Ba ki yi mini komai ba sai alheri."

"Alherin ne ka kora mini mutum talatin wajen Lantana? Lantana fa, Malam!"

"Tsohon nan da ya ci miyarki, da a gadon asibiti zai kwana."

"To da ka ce in rage yajin mana!"

"Ai an riga an zuba."

Ta ce, "Shi ke nan. Kowa a garin nan ya ci albarkacin bakinka, ban da ni. Gobe zan kife tukwanena, awaki kuma sun tafi ke nan." Ta juya tana share ido da gefen zane.

Kada ku zaci Cindo ya ji daɗi. Wallahi bai ji ba. Ransa ya ɓaci, har ya soke yatsansa da basilla. Kuma babu wanda ya yi masa alkawarin wani sakamako. Shi dai ya san an tambaye shi ya faɗi abin da ya sani.

Gari ya waye, hantsi ya yi, sai ga Alhaji Barmo yana dariya tun daga nesa, mutanensa na biye. Ya ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka! Baba ya cinye malmala biyu, ya yi barci har da minshari. Sai dai mutanena sun yi mini bore. Sun ce na kai su cin abincin majinyata. Mu mutanen fadama ne, attaruhu muke shukawa gefen albasa. Yau tambayar daban ce: a birnin nan, wa ya fi kowa iya miya mai yaji?"

Sai Cindo ya sunkuyar da kai. Ga jarrabawa ta biyu, kuma wajen mai kunya ta fi ta farko nauyi. Dattijo ya buɗe baki ya yabi girkin matarsa a bainar jama'a? Amma in ya ambaci wata, ya yi ƙarya, don ya san babu wadda ta kamo ƙafarta.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Akwai. Ga ta can a tsallake. Amma kafin ku je ku sani, mai ɗakina ce. Ku auna maganata da wannan."

Alhaji Barmo ya tafa hannu. Ya ce, "Ai na sani! Jiya Lantana ta tambaye mu wa ya aiko mu. Da na ce mai takalmi, sai ta ajiye mara ta ce, 'Ta gaban tukunyar matarsa kuka wuce, kuma ni na yi wa matar nan rashin kirki.' Malam, mutumin da ya yi haka jiya, in ya ce mana yau nan ne, to nan ne."

Suka tsallaka. Suka tarar da Tabawa ta kife tukwane tana ɗaure kaya, ko wuta ba ta hura ba. Ta ce ba abinci. Suka ce za su jira. Wannan ya faskara itace, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya sauko da buhun albasa ya dire mata. Can sai ga Lantana da kanta, ɗauke da babbar tukunya a ka, ta ce, "Naki ba za su ishi mutum talatin ba, 'yar'uwa. Ki yafe mini bakina." Da aka sauke, ku zo ku ga ci! Gumi na zuba, hanci na zuba, ana shan iska da baki, ana miƙa kwano ana cewa, "Inna, ƙara!" Tun daga ranar, duk zuwan fataken, tsoho wajen Lantana, sauran wajen Tabawa.

Da aka watse, Tabawa ta zubo kwano ta tsallako da shi da kanta, ta ajiye a gaban mijinta. Ya kai loma, hawaye suka cika masa ido. Ta ce, "Yaya, Malam?"

Ya ce, "Ba na marasa lafiya ba ne."

Ta fashe da dariya ta ce, "Kai dai gaskiyar nan taka ba ta hutu." Ta zauna a gefen benci tana yi masa fifita har ya cinye.

To, jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Duk wanda ya tambaye ka shawara, amana ya ɗora maka, ko da tambayar tuwo ce. Cindo ya faɗi gaskiya ranar da ta cuce shi, shi ya sa aka yarda da shi ranar da ta amfane shi. Kai da ake tambaya wane makanike ne nagari, sai ka nuna ƙanenka alhali ka san aikinsa. Ke da ake tambaya wace mai ɗinki ce ta iya, sai ki ɓoye wadda kuka yi faɗa da ita. Ku dubi mai tambayar, ku dubi buƙatarsa, ba taku ba. Gobe ma wani zai tsaya a gabanku da yunwarsa, ya ce, "Ina zan je?" Ku nuna masa inda za ku kai mahaifinku. Allah ya tsare mana harsunanmu, ya ciyar da mu halal.