Motar da Oga Babaji Ya Ƙi Taɓawa

Akwai wani bakanike a Kambarawa ana kiransa Abbas. Bai daɗe da buɗe garejinsa ba, rumfar kwano ce da benci guda, sai akwatin kayan aiki. Amma hannu kam akwai shi, don a wurin Oga Babaji na Ƙofar 'Yandaka ya koyi aiki, kuma duk mai tsohuwar jif a Katsina ya san wannan sunan.

Wata safiya sai ga jif an jawo ta da igiya har ƙofar garejin. A bayanta akwai manyan tayoyi sababbi fil, da aksul biyu masu kauri, wato ƙarafan nan da ke riƙe tayoyi suna juya su. Mai motar, Alhaji Siddiq na GRA, ya fito ransa a ɓace, gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi ta.

"Kai ne Abbas? Gonata tana cikin fadama, da damina ta sauka ƙananan tayoyin nan ba sa kai ni. Na sayo manya, ubangidanka ya ce tsohon aksul ba zai ɗauke su ba, murɗewa zai yi. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo mani masu ƙarfi. Tun daga nan kullum sai ya ce in dawo jibi. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga taki a ajiye. Babaji ya ƙare, malam, kuma sai na gaya wa kowa. In ka yi mani aikin nan, motocina da na abokaina duk naka ne."

Jama'a, in wani ne ai sai ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Abbas ma zuciyarsa ta yi tsalle, ba za mu yi mashi ƙarya ba. Sai dai kanikawa suna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: motar da ta fito daga hannun wanda ya yaye ka, ba ka sa mata sifana sai ka je ka ji ta bakinsa.

"Alhaji, ka yi mani haƙuri zuwa la'asar," in ji shi. "Ruwa ba ya tsami banza."

Ya hau babur sai Ƙofar 'Yandaka. Ya iske Oga Babaji zaune a bakin gareji, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon bai ambaci sunansa ba sai da ya ji murya. Aka tambayi iyali, aka tambayi aiki da gajiya, sannan Abbas ya kawo zancen jif.

"Ba ni da lokacinta ne," in ji Babaji a gajarce. "Ka yi abinka, na yafe maka."

Garejin kuwa wayam, ko keke babu. Babaji ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa, hannun ya sauka gefe, ya laluba kafin ya same shi. Da ya ɗago, Abbas ya ga farar yana ta kwanta a idanunsa. Nan take tausayi ya kama shi.

Haɗa aksul aikin ido ne. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe biyu da dole su ciji juna daidai. Ana shafa masu jan fenti a juya, a duba inda shaida ta fito. In ta kauce ko kaɗan, mota za ta cinye haƙoranta a tsakiyar daji. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan wannan aiki, yau ba ya ganin shaidar, kuma ya gwammace a kira shi malalaci da ya lalata motar mutane ko ya ce ba ya gani.

Abbas ya haɗiye abin da ya gani. Ya ce, "Baba, irin wannan babban aiki ban so in yi shi ni kaɗai. A nan za a yi, kana zaune kana gyara mani."

Babaji ya kurɓi shayinsa. Can ya ce, "To, kawo ta."

Da Alhaji Siddiq ya ji, sai faɗa. "Na ɗauke mota daga wuri, kai kuma ka mayar da ita? Kai wane irin mutum ne, ana miƙo maka arziki kana turewa?"

"Ranka ya daɗe, ko dai a can, ko kuma ka nemi wani."

Hadari ba ya jiran mai fushi, dole Alhaji ya haƙura.

Abbas ya rufe garejinsa ya tare a Ƙofar 'Yandaka. Ya ɗage mota, ya sauke tsofaffin aksul, ya shiga haɗa sababbi. Duk abin da ya gani sai ya faɗa da ƙarfi kamar mai magana da kansa, don Babaji ya ji ba tare da mai walda da mai faci na maƙwabta da ke kallo sun gane matsalar idonsa ba.

"Baba, shaidar ta gudu can bakin haƙori."

"Ƙara siririyar washa ta baya, ka sake shafa fenti."

Haka suka yi ta yi har shaida ta zauna a tsakiya. Abbas ya rufe, ya zuba mai, ya ɗaura tayoyin nan masu kama da na tarakta, ya tada mota a kan jak. Yana goge hannu yana jin kansa, shi a ganinsa an gama. Sai Babaji ya taso, ya dafa bodin motar ya tsuguna, ya ɗora bakin sukundireba a kan aksul na baya, ya manna ƙotar a kunnensa.

"Kwance shi. Akwai kuka a hagu."

"Haba Baba, ni ban ji komai ba."

"Ban tambaye ka ko ka ji ba."

Abbas ya kwance yana ƙunƙuni a ciki. Ashe boris ɗin hagu, wato zoben ƙarfen da aksul ke juyawa a cikinsa, ya matse fiye da ƙima, har ya fara zafi. Ya dubi tsohon nan, kunya da alfahari suka rufe shi lokaci guda.

Bayan ruwan farko, Alhaji Siddiq ya dawo daga gona, jif ta sha laka har gilashi, yana dariya tun daga nesa. Ya kama hannun Babaji da hannu biyu a gaban jama'a.

"Oga, ka yafe mani, bakina ya yi gaggawa. Ta ratsa fadamar nan kamar a kan kwalta. Hannunka yana nan."

Abbas ya sunkuyar da kai yana murna, asirin ubangidansa ya rufu, abin da ya nema ke nan. Amma Babaji bai saki hannun Alhaji ba.

"Tsaya, Alhaji. Kowa ya matso ya ji. Idona ya yi yana tun bara, ko haƙori ɗaya na aksul ɗin nan ban gani ba. Abbas ya gane tun ranar da ya zo, ya yi shiru, ya bar aikin da zai ɗaga sunansa ya kawo shi ƙofata. Yana tsammanin ban lura ba, ya manta ni na rene shi."

Tsohon ya laluba ya dafa kafaɗar Abbas.

"Na daɗe ina tsoron ranar da za a ce Babaji ya ƙare. To ban ƙare ba. Ga ni nan tsaye a gabanku a jikin yaron nan, da idona garau. Mai nemana daga yau ya tafi Kambarawa."

Abbas kuwa sai hawaye. Ya durƙusa a wurin, cikin baƙin mai da laka, kamar ranar da aka fara kawo shi koyon aiki.

Darasi: Kada ka taka wanda ya ɗaga ka don ka ƙara tsawo. Wanda ya rufa wa malaminsa asiri a ranar rauninsa, Allah zai ɗaukaka shi ta bakin malamin nan da kansa, kuma babu yabon da ya kai wannan. Ku tura labarin nan ga duk wanda wani ya koya wa sana'a, ko ya tuna ya je ya gaida ubangidansa tun yana raye.