Ranar da Malam Garba Ya Ce "Ban Iya Ba"

Akwai wani malamin tarihi a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a Gwandu, ana kiransa Malam Garba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyarwa, kuma ba ya shiga aji da littafi. Sai ya goya hannuwa a baya, ya yi ta zubo sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe da ka, ɗalibai na rubutawa har yatsunsu su yi tsami. Tambaya kuwa, ba ya son ta.

A shekarar 1998, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo wa makarantar kwamfuta guda ɗaya, da ƙaramin janareto, da faifai mai ɗauke da darussan tarihi, har da taswirori da hotuna. Amma sun gindaya sharaɗi. Bayan mako shida za su dawo. In sun tarar ba a amfani da ita, za su kai ta wata makaranta a Kalgo da ta daɗe tana roƙo.

Shugaban makarantar, Malam Umaru, ya miƙa wa Malam Garba mabuɗin ɗakin.

"Malam, faifan na tarihi ne, don haka hannunka ta faɗo. Ka raba 'yan aji biyar rukuni-rukuni, su yi bincike da ita."

"An gama," in ji Malam Garba.

Gaskiyar magana, bai taɓa ko da taɓa kwamfuta ba. Amma ta yaya mutumin da ya koyar da rabin malaman makarantar zai buɗe baki ya ce bai iya ba?

A ajin akwai wata ɗaliba mai suna Fatsuma. Lokacin hutu takan zauna a shagon yayanta na buga takardu a Birnin Kebbi. Da ta ji labari sai ta ɗaga hannu.

"Malam, na ɗan iya ta. In kana so in..."

"Zauna!" Ya daka mata tsawa. "Ni zan koya miki ko ke za ki koya mini? Wagga aba ai kayan wasa ce."

Fatsuma ta sunkuyar da kai. Ta sauke hannunta.

Mako biyu ɗakin na kulle. Ran wata Alhamis, bayan an tashi, Malam Garba ya shiga shi kaɗai, ya tayar da janareto, ya danna abin da ya ga tsofaffin ɗaliban sun danna ranar da suka kawo ta. Gilashin kwamfutar ya kawo haske. Ya yi murmushi. Sai ya shiga danne-danne da murɗe-murɗe, nan ya taɓa, can ya taɓa.

Kwatsam, gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Injin na ƙugi, amma ba haske. Ya sake, har sau huɗu. Gumi ya jiƙe masa riga. "Innalillahi," ya ce a hankali. "Na kashe musu ita."

Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Yana ta hango ranar da za a ce Malam Garba ne ya lalata kyautar da makaranta ba ta taɓa samun irinta ba. Matarsa Indo ta tsare shi har ya faɗa mata komai.

"To, Malam, yarinyar nan da ka ce ta iya fa?"

"Ɗalibata ce, Indo."

"Ɗaliba ba mutum ba ce? Ai gara ka ji kunya gaban yara talatin da ka ji ta gaban gari duka."

Ranar Litinin ya shiga aji. Bai goya hannu ba. Yaran suka fara kallon juna.

"Ina da magana," ya ce. "Kwamfutar nan, ban iya ta ba. Na gwada ni kaɗai, kuma ina jin na lalata ta. Fatsuma, na yi miki tsawa ba da laifinki ba. Ki yi haƙuri. Tashi mu je ki duba."

Ajin duka ya biyo su. Fatsuma ta kunna, ta kasa kunne ga ƙugin injin, ta leƙa ƙasan gilashin.

"Malam, ka murɗa wanga ɗan abin?"

"Na murɗa komai, 'yata."

Ta juya shi da yatsa biyu. Haske ya dawo tar, kamar ba abin da ya faru.

"Lafiyarta lau, Malam. Wurin rage haske ne ka kai ƙarshe."

Malam Garba ya zauna kan benci ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai ya fashe da dariya, har hawaye. Yaran, da ba su taɓa ganin haƙoransa ba, suka taya shi.

Ranar aka raba rukuni huɗu. Fatsuma na nuna musu yadda ake neman abu a faifan, Malam na zaune cikinsu yana koyo da alƙalami a hannu.

Ba a jima ba suka gano wani abu. Faifan cike yake da labarin ƙasashe masu nisa, amma kan yankinsu layi biyu kacal ya rubuta. A nan ne Malam Garba ya zama ba makawa sai da shi. Ya san tsohon da ke riƙe da labarin marinar Gwandu. Ya san tsohuwar da za ta faɗi yadda aka yi shekarar fari a Malisa. Ya tura rukuni ɗaya Kalgo wurin masunta, wani Wurogauri wurin makiyaya su tambayo labarin tsoffin burtalai. Yara suka dawo da littattafai cike, suna gwada abin da suka jiyo da taswirar kwamfuta, suna gardama har a manta da fita hutun tara.

Da mako shida suka cika, baƙin suka dawo. Kowane rukuni ya gabatar da aikinsa. Daga ƙarshe shugabar tawagar, Hajiya Kubura, wadda ita ma tsohuwar ɗalibarsa ce, ta ce, "Malam, kai ma ka nuna mana mana."

Ya zauna ya buɗe taswirar hanyoyin fatauci, ya nuna musu inda ayari ke ratsawa.

"Ikon Allah! Malam, yaushe ka koya?"

Ya nuna Fatsuma. "Ga malamata nan. Wata ɗaya ke nan da shigata ajinta."

Hajiya Kubura ta rufe takardunta. "Wagga kwamfuta ba inda za ta. Kalgo kuma za mu nemo musu tasu."

Darasi: Faɗin "ban iya ba" ba ya rage darajar babba. Girman kai ne ya hana Malam Garba cin abinci kwana uku a kan matsalar da yatsa biyu suka warware. Ka tambaya, ko da wanda ya sani ɗan cikinka ne. Ku tura wa malamai da iyaye da kuka sani, wataƙila wani na fama da irin wannan nauyin a ransa.